Gangunan Da Muka Binne A Gindin Gwaiba

Maigidana mutum ne mai hangen nesa, ko kuma haka yake faɗa. A shekarun da hukuma ta hana sayar da fetur a jarka, don kada ya kai ga mayaƙan da ke daji, sai ya hango cewa mai zai yi wuya. Ya sayo ganguna uku na hannu, ya cika su, muka binne a tsakar gidanmu na Wulari, a gindin gwaiba, da rana tsaka, ranar da dokar hana fita ta kulle kowa a ɗaki. Na ce masa, "Alhaji, wannan ai taku goma ne zuwa rijiya." Ya ce mace ba ta san ƙarfe ba.

Rijiyar nan mahaifinsa ne ya haƙa ta. Duk ranar da aka rufe gari, masu turin ruwa suka ɓace, layinmu kaf daga ita yake sha. Har maƙwabciyarmu, wata Inyamura mai shago a Kasuwar Kwastam, wadda ta ƙi gudu lokacin da 'yan uwanta suka gudu, da 'ya'yanta uku.

Bayan damina biyu shayi ya fara ɗanɗanon tashar mota. Alhaji ya ce ganyen ne. Sai wani maiƙo mai launi-launi ya fara kwanciya a saman guga, ya ce robar gugan ce. Gwaiba ta zubar da ganye, ya ce tsufa ne. Da ya tona ya ga ganga biyu tsatsa ta cinye gindinsu, babu ko ɗigo a ciki, sai ya mayar da ƙasa ya daddaɓe.

Autar maƙwabciyata ta shiga amai da ciwon kai, fatarta duk ƙuraje. Uwar ta kai kuka, sai ga ma'aikatan muhalli da kwalabe da safar hannu. Shugabarsu wata 'yar siririyar Babarbariya ce mai tabarau. Suka ɗebi ruwan kowace rijiya a unguwa, suka huda ƙasa nan da can suna sunsunawa, suna tambayar wa ke sha, yara nawa, tun yaushe. Maza suka yi ta dariya. Wani tsoho ya ce, "Mu da bam bai ɗauke ba, ruwan rijiya ne zai ɗauke mu?"

Aka kafa kwamitin gano inda man yake fitowa. Da yake Alhaji ya iya taro, shi aka ba shugabanci. Kwana huɗu yana yawo da su, ya nuna musu garejin makaniki, ya nuna tsohon gidan mai da ke can bayan titi, ya nuna kwata. Ko'ina ya kai su ban da gidansa.

Ba na ce mugu ne ba. Tsoro ne, kuma ni ma ina jin sa. A lokacin, a ce an sami fetur a binne a gidanka, ba tara ake ci ba. Motar jami'an tsaro ce za ta zo, kuma mun san gidajen da har yau suke jiran wanda ta ɗauka. In na yi magana ina iya rasa miji, in na yi shiru yarinya tana ci gaba da sha, don uwarta tafasawa take yi tana zaton ta kashe cutar.

Ranar Juma'a, maza sun tafi masallaci, mai tabarau ta yi sallama ita kaɗai, ta gaishe ni da Barbarci.

"Wushe, Hajiya. Na zo in ga rijiyar ne kawai."

Ta leƙa, ta ɗago, ta tsaya tana kallon gwaibar da ta bushe.

"Hajiya, ruwa a ƙasa gangare yake bi. Duk inda na gwada, nan gidan yake nuno min. Amma in ban san wurin ba, sai dai a yi ta haƙa layi guda."

Na ce, "'Yata, in an samu, me za ki rubuta?"

"Abin da na gani. Tsofaffin ganguna masu tsatsa. Ni ƙasa nake gwadawa, ba mutane ba."

 Na ɗauki tabarmar da ke shimfiɗe a gindin gwaiba na naɗe, na bar mata wurin a fili, na koma ɗaki.

Sati guda suna haƙa. Ƙasar da ta fito baƙa ce, warinta har kan titi, tifa tana kwashewa tana kawo yashi. Rijiya kuwa aka ce ba a sake sha ba sai bayan shekaru, in ma an sha. Aka zuba mata murfin siminti. A wurin taro mai unguwa ya yaba wa Alhaji, ya ce samun shugaban da zai bari a farke tsakar gidansa don jama'a sai an tona. Maƙwabciyata ma ta zo godiya da kwanon shinkafa. Kunya ta hana ni ci.

Alhaji bai taɓa tambayata wa ya nuna wurin ba, ni ma ban taɓa tuna masa wa ya san ƙarfe ba. Amma tun daga ranar, mutumin da ko butar alwalarsa sai an cika masa, kullum da safe yake tura baro zuwa burtsatsen bakin titi da jarkoki huɗu. Mutane suna cewa tawali'u ne. Yarinyar ta warke, ta girma, ta tafi karatu, gwiwar Alhaji ta fara ciwo, amma har yau jarkar farko a ƙofar uwarta yake ajiyewa, kuma ba ya tsayawa a yi masa sannu.