Kwanon da Baturiya ke ajiyewa a bakin bukka

Baturiya shekarunta hamsin da takwas, mai tallar nono ce, kuma ita ce babba a matan wata ruga da ke kusa da Ƙafin Maiyaki. Tun tana budurwa take ɗaukar ƙwarya zuwa Kwanar Dangora. Haihuwarta tara, biyar suka rayu.

A daminar bana Muhsina, matar ɗanta, ta fara jiri da cikin wata biyar. Baturiya ta raka ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya, Zulaihat, ta ja fatar idon Muhsina ƙasa, ta ga cikinsa fari fat.

"Inna, jininta ya yi ƙasa. In ta haihu a haka akwai haɗari. Me take ci?"

"Abin da nake ci. Tun da cikin ya fito, kwano ɗaya muke sa hannu, don in ga ta ci."

Zulaihat ta dubi Muhsina, wadda ta sunkuyar da kai.

"To Inna, kin taɓa ganin ta kai loma biyar a gabanki?"

Nan Baturiya ta gane. A rugarsu mace ba ta sakin jiki ta ci abinci a gaban uwar mijinta. Loma biyu, sai ta ce ta ƙoshi. Ita ma haka ta yi da tata surukar, amma ta manta. Ashe jawo yarinyar da take yi kusa, shi ya bar ta da yunwa.

Ba ta yi wa Muhsina faɗa ba. Sun dawo da ƙwayoyin ƙarin jini, ita kuma ta sake dabara. Takan dafa wake da zogale, ranar kasuwa ta haɗa da hanta, ta ajiye kwanon a bakin bukkar Muhsina, ta ɗaga murya: "Na tafi duba maruƙa! Kada a bar wa kaji kwanona!" Sai ta je ta zauna a gindin ɗorawa, inda ba a hango ta.

"Maruƙan nan har sun gaji da ganina," in ji ta.

A awon makon jiya Zulaihat ta ce idon ya fara ja, amma da saura. Haihuwa kuwa saura wata guda.

Jiya da hantsi Baturiya ta dawo daga gindin ɗorawa ta tarar da kwanon a wanke, an kife shi. Ta ɗauka, ta je ta jiƙa waken yau, ta ƙara tafi ɗaya.