Kifin Mijin Gwaggo

Mijin gwaggona bai iya iyo ba, bai taɓa riƙe homar kamun kifi ba, amma shekarar da na gama firamare sai ya wayi gari masunci. Dama duk sana'ar da ke sa gumi ba ta karɓe shi ba. Ya gwada noman albasa ya ce bayansa, ya gwada kabu-kabu ya ce rana.

Ƙauyenmu yana yamma da Dingyaɗi, a bakin gulbi. Baba yakan ce ruwan nan baƙo ne mai doguwar tafiya: tun daga duwatsun gabas ya taso, ya shayar da garuruwan da ba mu san sunansu ba, ya ba mu shinkafa da albasa, ya wuce Argungu, ya faɗa kogin Kwara, har teku. Da rani yakan janye ya bar gurabe masu zurfi, ɗan siririn ruwa yana haɗa su.

Wata rana da hantsi mijin gwaggo ya shigo gidanmu da kwando cike da tarwaɗa da karfasa, yana buɗa kafaɗu kamar wanda ya kashe dorina. Inna ta ɗaga ɗaya ta shinshina, ta mayar, ta goge hannu a zane. Warin maganin tsutsar albasa ne. Ashe jarka guda ya juye a gurbin da ke ƙasan fadamarmu, ya kishingiɗa a inuwa yana jiran kifi ya taso ciki sama.

Baba ya ce, "Malam, mi ka yi ma gulbi?"

Ya yi dariya. "Haba Yaya, ruwa mai tahiya ne. Kahin gobe ya kai shi teku. Jarka guda mi za ta yi ma teku?"

Mutumin da bai taɓa wuce Jega ba, shi ke ba mu labarin teku.

Maganin bai je ko'ina ba. Iyakarsa mashayar da ke gaba da mu, inda wani dattijon Bafulatani daga wajen Shagari ke shayar da garkensa. Kafin la'asar saniyarsa mai ciki ta faɗi tana kumfa, maruƙa suka bi ta.

A ƙofar maigari masuncin namu ya zube yana rantsuwa. "Ranka shi daɗe, ba ni ne ba. Daga sama ruwan ya zo da shi."

Ana cikin haka Gwaggo ta iso lulluɓe, ta ajiye jarkar a gaban maigari, da sauran magani a gindinta. Ba ta ko dubi mijin ba. Ta ce, "Allah shi ba ka nasara, bayan randata na iske ta."

Nan take ya canza waƙa, ya ce sharrin Shaiɗan ne, har da hawaye.

Aka yanke ya biya dattijon. Ba shi da ko kaza, saboda haka awakin Gwaggo aka kora, waɗanda ta tara da sana'ar ƙuli-ƙuli. Aka kuma sa shi binne kifin da hannunsa, ya yi sara uku ya dafe ƙugu, Baba ya karɓi fartanyar don kada karnuka su tone.

Har faɗuwar damina ba wanda ya kusanci gurbin, kifi ya ɓace daga miyar kowa. Mu 'yan mata muka koma ɗaukar ruwa daga rijiyar bayan gari, wuya kamar ya karye. Duk sanda muka wuce da tuluna, yana zaune gindin dogonyaro yana sakace, yana gaya wa mutane cewa miyar gidansa ta lalace, matan yanzu ba su iya girki ba.