Maganar da Inna Ta Riƙe

Duk wanda ya taɓa bin bayan keke napep a cikin Kazaure ya karanta rubutun Ukasha Maifenti, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ya sa wa wani tela "Ɗinkin Sallah Kafin Sallah", shi ya sa wa mai injin niƙa "Kawo Tsaba, Koma da Gari". Har yara kan rera su a hanyar makaranta.

A Gwiwa aka haife shi. Tun a makarantar allo hannunsa ya fita daban, har malam kan ba shi zayyanar allon masu sauka. Da ya girma ya taho Kazaure, ya koyi fenti, ya kafa 'yar rumfa kusa da tasha. Bayan rasuwar mahaifinsa ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Sa'adiyya, ya ba ta ɗakin da ya fi inuwa a gidansa.

Ukasha ba ya rubutu a ranar da aka kawo masa aiki. Zai tambayi mutum sana'arsa da abin da ke damunsa, sannan ya ce, "Ka dawo gobe." Bayan magariba sai ya shiga ɗakin Inna, ya faɗa mata 'yan maganganun da ya tsara, kowacce sau ɗaya, ba maimaici. Inna ba ta yi boko ba, kunnenta ne allonta. Da safe in ya durƙusa gaisuwa sai ya ce, "Inna, me na ce jiya?" Wadda ta dawo masa da ita, ita yake rubutawa. Sau da yawa ma takan dawo da ita a gajarce, ta zubar da abin da ba shi da amfani.

"Wadda ta kwana a kan Inna," in ji shi, "za ta kwana a kan kowa."

Sai tsufa ya fara taɓa ta. Ta idar da azahar ta tambaya ko an kira. Ta riƙa kiran matarsa Rahamatu da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Ran nan ya yi mata tambayar da ya saba, ta dube shi da murmushi ta ce, "Au, ka shigo jiya?"

Daga ranar Ukasha ya daina tsara magana. Lambar mota zai rubuta, sunan shago zai rubuta, amma in aka ce ya sa wata kalma mai daɗi sai ya nuna wa mutum shagon masu buga sitika. Da ya ɗauki burushi sai ya ji bai yarda da kansa ba.

Ana haka Daudu ya zo. Abokinsa ne tun Gwiwa, tsohon ɗan acaɓa da gudu ya kayar a hanyar Roni har ya karye a ƙafa. Da ya warke, dangi suka haɗu suka samo masa keke napep. Ya tsayar da shi a bakin rumfa ya zare makulli.

"Maifenti, rufa mini bayan nan. Ba zan hau titi da keke tsirara ba."

"Je ka a buga maka sitika."

"Sitika? In manna abin da ke bayan kowa? Kai dai tsufa ya kama ka, ka faɗa mini gaskiya."

"Da gurgu da tsoho, wa zai yi wa wani dariya?"

Daudu ya kwashe da dariya, ya jefa masa makullin a cinya. "Nan zai kwana. Ba zan ɗauki fasinja ba sai da rubutunka, in yarana sun kwana da yunwa kai ka ja."

Ya tafi yana ɗingishi. Ukasha ya san halinsa, da gaske yake.

Da yamma ya gwada wa Inna duk abin da ya zo masa. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta tambaye shi ko an ɗaure awaki, alhali rabonsu da awaki tun Gwiwa. Da safe ko tambayarta bai yi ba. Ya gaishe ta, ya gyara mata mayafi, ya miƙe da niyyar mayar wa Daudu makullinsa ya ba shi haƙuri. Yana ɗaga labule ta ce, "Ka bi a hankali, ana jiranka a gida."

Ya tsaya da labulen a hannu. Abin da take faɗa masa ke nan tun yana yaro in zai tafi gona, har ya daina jin sa saboda sabo. Ranaku sun ɓace mata, sunaye sun ɓace mata, wannan kuwa tana nan daram.

Kafin rana ta take ya gama rubuta maganar a bayan keken, farin fenti, manyan baƙaƙe. Daudu ya zo ya karanta a hankali, ya sosa ƙeya.

"Wannan ai da ni kake."

"Da kai da na bayanka."

"Inna ta riƙe ta?"

"Ita ce ma ta ba ni."

Ba a jima ba wani direban motar Babura ya zo neman irinta, sai wani mai babur. Ukasha ya koma aikinsa, sai dai yanzu ba ya kai wa Inna magana. Zama yake yi a gefen tabarmarta yana sauraron abin da ya rage mata, kuma da sauran abubuwa da yawa.

Ranar wata Juma'a Daudu ya kawo mata fura da nono. Ba ta gane shi ba, amma ta sa masa albarka. Da ya tashi tafiya ta ce, "Ka bi a hankali, ana jiranka a gida."

"To, Inna," in ji Daudu yana saka takalmi. "Ai a bayana ma take, ko'ina tare muke zuwa."