Munduwar Kakata a Hannun Baba Isuhu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba Isuhu, maƙerin azurfa mutumin Tawa, maƙwabcinmu a unguwar Parkchester, nan ƙasar waje. Ba mu haɗa jini ba, amma a garin nan shi ya zame min uba.

Da bikin 'yata Hadiza ya matso, na kai masa munduwar kakata ya narka ya ƙera mata 'yan kunne. A gidanmu kowa ya san labarinta: kakanmu ne ya tara tsoffin tsabar azurfa, aka narka aka yi wa amaryarsa. Baba ya goga ta a baƙin dutsensa na gwajin azurfa, ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyata, rabinta tagulla ce."

Kunya ta rufe ni. Ashe kakan da muke alfahari da shi ha'intar matarsa ya yi?

Baba ya sa na zauna, ya zuba min shayi. Ya ce tun zamanin da ake yaƙi da takobi, idan yaƙi ya cinye baitulmali, sarakuna kan sa a gauraya tagulla cikin azurfar kuɗi, a buga hatimi yadda aka saba. Talaka ya karɓa bai sani ba, sai tsabar ta tsufa ta fara ja.

"Kakanki da guminsa ya tara abin da aka ba shi a kasuwa. Shi ma cutarsa aka yi. Ba zan sa ta a wuta ba."

Ya wanke ta, ya gyara inda ta tsage, Hadiza ta sa ta ranar ɗaurin aure.

Yau da waya muke biyan kuɗi a jirgin ƙasa da shago. 'Yan'uwa a Kano kuma suna kukan naira ta zama takarda. Ina jin da yana raye, murmushi zai yi ya ce tagullar ce dai, sai dai yanzu babu dutsen da za a goga a gani.

Shagonsa ya koma na gyaran waya, kayan aikinsa suna wurin ɗansa. Ni abin da ya rage min shi ne yadda ya faɗa min gaskiya mai ɗaci ba tare da ya zubar da mutuncin mamaci ba. Har yanzu ina koyo. Allah Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa wani.