Keken 'Yan Hatsi

Shekara bakwai ina hawan keken da ba nawa ba, kuma duk Dutsin-Ma ba wanda ya kai ni taƙama da shi. Na 'yan hatsin garinmu ne. Su suka haɗu suka saye shi tun Turawa ba su tafi ba, lokacin da sai a wuni ba a ji ƙugin mota ba. Aikin mai keken shi ne ya yi sammako zuwa Kurfi duk ranar kasuwa, ya ga yadda gero da dawa suka kwana, ya dawo ya shaida musu kafin fatake su iso da jakunansu. Su kuma su auna masa hatsin gidansa duk wata. Sauran ranaku keken yana hannunsa, ya yi nasa aike yadda ya so.

Ba a gadon keken nan, ba a kuma roƙonsa. Tsere ake yi. Da zarar an kwashe dawa daga gonaki, ɗari ya kama, sai samari masu keken haya da na aro su fara fita duk mako, ana zagaya duwatsun bayan gari. Waɗannan wasa ne da gwada ƙafa. Na gaske shi ne na ƙarshen ɗari, daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, kuma wanda ya fara isa shi zai riƙe keken har wata shekara. Ba hanya ake bi ba, don ɗan aiken da ke bin hanya ba shi da amfani ga ɗan kasuwa. Ratse ake yi ta cikin gonaki, a kan kunyoyi da tushiyar kara, a gangara kwari, a tsallake rafi. Inda taya ta ƙi, ka sauka ka saɓa keken a kafaɗa ka yi gudu da shi. Wata rana rabin tafiyar kai ne keken, shi ne mahayin.

Doka ɗaya ce, kuma kowa ya san ta. Manoma sun yarda a ratsa musu gona ne saboda an riga an kai amfani gida, kamar yadda suke barin shanun Fulani su shiga kiwo bayan girbi. Amma gonar da ke da sauran amfani, ko wake ne ko auduga, mai ita yakan kafa sanda a bakinta ya ɗaura mata ciyawa a kai. Ka ga sandar nan, zagayawa za ka yi, ko da gonar ta kai faɗin gari. In aka taka irin wannan gona, manoma sukan toshe ratse da ƙaya, shi ke nan aikin mai keke ya mutu.

Ni ba na son noma, gara in faɗa tun yanzu. Shekarar da na fara cin tseren na miƙa wa ƙanena gonar gadona, na ce ya haɗa da tasa, ni da fartanya mun rabu har abada. A gaban mutane na faɗa, da ƙarfi, don a ji. Har nakan tsaya a bakin gona da damina in kaɗa wa masu noma ƙararrawa, in ce musu sannu da duƙe. Wanda ya ji haushi ya ji. Ina da ƙuruciya, ina da cinyoyi, ban ga abin da zai same ni ba.

A daminar shekara ta bakwai na zame a kan wani falalen dutse, gwiwata ta hagu ta daki dutsen. Mai ɗori ya ce ba karaya, amma gwiwar ba ta koma yadda take ba. Da ɗari ya shigo sai ta riƙa kumbura da safe, sai na gasa ta a bakin murhu kafin ta yarda ta tanƙwashe. A shekarar ne kuma wani saurayi ɗan Maƙera ya fara fitowa tsere. Maƙeri ne, ƙirjinsa kamar turmi, ga shi ba ya magana. Keken haya yake hawa, wani tsohon abu mai kuka kamar ƙofar kara, amma in ya saɓa shi a kafaɗa sai ka ce gora ya ɗauka. Tseren mako na farko ya wuce ni a yashi. Na ce wa mutane taya ce ta sace. Na biyu ya wuce ni a hawan dutse. Na uku ban fita ba, na ce ina da aike.

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. 'Ya'yana uku, mai ɗakina ga ciki ya tsufa, rumbu kuwa ban da shi, don mutumin da ake auna wa hatsi duk wata me zai yi da rumbu? Ƙanena ya riga ya yi aure a kan gonar nan, iyalinsa ita suke ci. Da wane baki zan je in ce ya mayar mini? Nakan zauna a zaure ina goge keken da ba shi da datti.

Ana saura kwana biyu a yi tseren Kurfi mai ɗakina ta same ni ina ɗaure gwiwa da tsumma.

Ta ce, "Maigida, ka tahi wurin Alhaji mana. Ka ce mishi ƙahwa ta ƙi. Ko awo ne sai su ba ka ka riƙa yi musu."

Alhajin da take nufi shi ne shugaban 'yan hatsi, shi ke yanke hukuncin tsere. Na ce mata ni ba a haife ni don in duƙa a kan buhu ina cika mudu ba, ta je ta ji da tukunyarta. Ta juya ta koma kan tukunyar. Har yau in na tuna maganar nan kunya nake ji, don gaskiya ta gaya mini.

Na shirya keken yadda na saba. Na cire kariyar taya da ƙararrawa da duk abin da ke ƙara nauyi. Na shimfiɗa tsohuwar fata a cikin taya saboda ƙayar tsidau, na rage iska kaɗan don yashi. Na naɗa tsumma a ƙarfen tsakiya inda yake zama a kafaɗa. Sai kuma sirrina, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba: man kaɗe. Sauran mahaya ɗan man gyaɗa suke ɗigawa a sarƙa, ruwan rafi na taɓa shi ya wanke. Ni nakan narka man kaɗe in lafta wa sarƙar, sanyi ya daskarar da shi, ya riƙe har Kurfi. A wannan karon, don tsoro, na lafta ninki biyu.

Ranar tseren mun taru a bayan gari rana na ɓullowa, mu goma sha wani abu. Sanyi ya sa yatsu sun ƙage, kowa sai hura hannu yake yi, bakinmu na fitar da tururi. Alhaji ya riga ya kwana a Kurfi don ya tarye mu. Wani dattijo ya ɗaga hularsa ya sauke, muka zuba.

Farkon tafiya ban sha wuya ba. Na san inda kowace kunya ta kwanta, na san gonar da ake ratsawa a tsaye da wadda ake bi ta gefe. Kafin mu kai rafin farko mun bar jama'a a baya, saura ni da maƙerin. A rafin muka sauka tare. Ruwan bai wuce idon sawu ba, amma ya shiga fason ƙafata kamar an zuba barkono. Na saɓa keke na fara hawan gaɓa, gwiwar ta ce ba ta san zancen ba. Na durƙusa a yashi. Kafin in miƙe, maƙerin ya haye, ya ɗare kekensa, ko waiwaye bai yi ba.

Daga nan bayansa kawai nake gani, yana ƙara ƙanƙancewa. Ina taka feda da ƙafa ɗaya da rabi. Ina addu'a, ina zagi, ina roƙon Allah ya sa ƙaya ta soke masa taya, abin da ban taɓa roƙa wa wani ba. Hawaye na zubo mini, na ce wa kaina sanyi ne.

Kusa da Kurfi akwai wani kwari mai faɗi. Da na hau tudun da ke kallonsa sai na ga gonar auduga ta cika shi fari fat, ga sanda a bakinta da ɗaurin ciyawa. Maƙerin ya riga ya karkata dama, yana bin doguwar hanyar da ta zagaya bayan wani dutse. Dutsen ya ɓoye shi. Na duba gabas, na duba yamma, ba kowa. Masu cirar auduga ba sa fita sai rana ta ɗaga. Daga inda nake ina hango kukokin bakin Kurfi, tsakanina da su gonar nan ce kawai.

Ba zan ce ban ga sandar ba. Na gan ta sarai, har kafaɗata ta goge ta. Na sunkuyar da kai na faɗa cikin audugar.

Rassa suna karyewa a ƙarƙashina, suna dukan ƙafafuna, ina ji ina ƙara takawa. Na fita ta ɗaya gefen, na ga maƙerin bai ko ɓullo daga bayan dutsen ba. Na yi tafiya kaɗan sai feda ta fara nauyi. Ta ƙara nauyi. Sannan ta tsaya cak. Ban tsaya dubawa ba, don na hango mutane a bakin gari. Na diro, na saɓa keken, na kama gudu da gurguwar ƙafata. Ban san yadda na yi ba. Na dai san ina jin kukan keken maƙerin a bayana yana matsowa, ni kuma ina ihu ba tare da na san ina yi ba.

Na riga shi da abin da bai fi tsawon igiyar guga ba. Na zube a gaban Alhaji, jama'a suka rufe ni, ana ta sannu, ana cewa ba a taɓa ganin wanda ya ci tsere da keke a kafaɗa ba. Wani ya kawo mini ruwa. Na ɗan ji daɗi, wallahi na ji, na kamar minti ɗaya.

Alhaji ya ɗaga keken ya tsayar. Ya sa hannu zai juya feda, ta ƙi. Ya duƙa. Ni ma sai a lokacin na duba. Man kaɗen nan da na lafta ya kwashi auduga tun daga bakin gonar har ƙarshenta, ta naɗe sarƙar, ta cushe haƙoran, ta yi dam. Ya sa yatsa biyu ya zaro wani curi, fari da baƙin mai, har da ƙwayar iri a ciki. Ya dube ni, ya dubi maƙerin.

Ya ce, "Malam, gonar wa kunka ratsa?"

Maƙerin ya ce shi zagayawa ya yi. Iyakar maganar da na taɓa ji daga bakinsa ke nan.

Na buɗe baki zan ce iska ce ta kwaso ta. Alhaji ya dube ni, na rufe. Shekara bakwai ina kawo masa labari, bai taɓa kama ni da ƙarya ba, kuma na ga yana roƙona da ido kada in fara yau. Na ce, "Alhaji, gwiwata ce. Ga iyali." Muryata ta fita kamar ta mai bara.

Ya ce, "Na sani. Da ka zo ka hwaɗa mini, da mun san abin da munka yi. Amma wanga, in na bar shi, gobe ba mu da ratse ko ɗaya."

Ya tura keken ya jingina shi a jikin maƙerin. Ya ce a nemo mini jaki in hau zuwa gida. Na ce ba na so. Girman kan bai gama fita ba.

Da ƙafa na juyo, ina ɗingishi, kuma ba wata hanya sai ta kwarin nan. Rana ta ɗaga. Na tarar da wani tsoho shi kaɗai a cikin gonar, da buhu rataye a wuya. Ba a jikin itacen yake cira ba. Yana bin layin da na yi ne, a tsugune, yana tsince audugar da ta zube a ƙasa, yana hure mata ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Layin ya tafi sambal daga wannan baki zuwa wancan, ko makaho ya shafa ya san taya ce.

Na yi sallama. Ya amsa, ya dubi ƙafafuna da suka sha karce, da audugar da ke manne a wandona.

Ya ce, "Kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To, ka ci?"

Na ce, "Na riga kowa isa."

Ya leƙa bayana, ya dubi hanyar da na fito. Ba da gatse ya tambaya ba, so yake ya sani. Ya ce, "Ina keken?"

Na juya na dubi layin da na yi a gonarsa. Sai ya cire buhun daga wuyansa ya miƙo mini, ya nuna inda ya tsaya. Gwiwar ba ta tanƙwasuwa, don haka na miƙe ta gefe guda, na zauna a ƙasa, na fara tsinta.