Motar Yaya Sani Ta Daina Tsayawa a Kwatarkwashi

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Sani, Allah Ya jiƙansa. Bai bar gidaje ba. Tsohuwar motarsa ya bari, wadda ya yi shekaru yana jigilar hatsi da ita tsakanin Gusau da Tsafe.

Motar nan tana da hali. Da bazara, in inji ya ɗau zafi, sai famfon mai ya ƙi turo mai, ta yi ta shaƙewa har ta mutu. Kusan kullum a Kwatarkwashi take yin haka, kuma can yayarmu Kulu take, wadda ta raine mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Yaya Sani sai ya tura motar gindin bishiyar bedi, ya shiga gidanta ya jiƙo tsumma ya ɗora wa famfon. Kafin famfo ya huce, ya sha fura, ya ji labarin ciwon gwiwarta, ya sauke mata kwanon gero. Bakanikai sun sha ce masa ya canza famfon. Ya ce a bar masa kayansa.

Yanzu motar tana hannun ɗansa Nazifi, kuma in ka gan ta sai ka riƙe baki. An shafe ta da jan fenti kamar amaryar ƙauye, an cika but ɗin da sifikoki, inda aka saba zuba hatsi. Bara ya kai ta wani gareji a Gusau, aka cire tsohon famfon, aka ɗaura na lantarki kusa da tanki, aka ja masa waya zuwa makulli. Ya zo yana yi mini burga: "Baba, yanzu daga Bungudu har Tsafe ba ta tsayawa ko sau ɗaya." Wai ni zan yi masa barka.

Gaskiyarsa, ba ta tsayawa. Famfon yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Abin da ya ba ni haushi, yaron nan ya ɗauka ubansa bai san akwai irin wannan famfo ba ne. Yaya Sani kuwa ya sani sarai. In Nazifi ya iso ƙofar gwaggonsa yanzu, hon yake danna mata sau biyu ya wuce a guje, a ganinsa ya gaishe ta ke nan. Da Yaya Sani zai gani, ba na jin zai yi faɗa, kunya ce za ta kama shi.

Yaya Kulu ba ta gani sosai yanzu, amma kunnenta ras yake, kuma ta san hon ɗin. Watan jiya na je gaishe ta, ta kama hannuna ta ce, "Bala, wai an saida motar Sani? Nakan ji ta wuce."

Ƙarfe dai yana nan, ya ma fi da gudu, amma halin mai shi bai shiga rabon gado ba. Sai na ce mata e, an sayar. Gara ta ɗauka baƙo ne yake wucewa.