Kada a Zuba wa Rumfar Mu'azu Siminti

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, na ɗauki kofin koko ke nan, aka bugo mini waya cewa Mu'azu ya rasu. Mu'azu Mai Kara, ɗalibina. Kokon na nan inda na ajiye shi.

Masu bin shafin nan sun san yabo ba sana'ata ba ce. Na ƙarar da ƙuruciyata a ofis ina zana wa Gusau tituna da lambuna da magudanan ruwa. Aka tafa mini, aka zuba takardun a kabad, gara ta yi walima. Daga baya na koma koyar da zanen gini, a nan Allah Ya haɗa ni da shi.

Yaro ne mai dariya a inda ba a dariya. Ya wuce jami'a, ya dawo da digirin zanen gine-gine. Na ce madalla, ga wanda zai yi mana bene. Wata rana bayan kaka sai ga shi a kan babur, wai in zo in ga gininsa na farko.

Na sa babbar riga. Wallahi har da turare.

Muka tsaya a bakin hanyar Tsafe, inda 'yan kabu-kabu ke gasuwa a rana suna jiran fasinja. Abin da na tarar rumfa ce ta karan dawa da gora da igiyar rama, doguwa, kamar an kifa rumbu, an bar mata baki a sama.

Na ce, "Mu'azu, wanga shi ne digirin?"

Ya ce, "Malam, shiga ciki ka yi zagin. Ya fi sanyi."

Na shiga. Da sanyin kuwa. Zafi na ficewa ta sama, iska na shigowa ta ƙasa. Na yi zagina daga zaune.

Ba a jima ba awaki suka cinye rumfar. Ya manta bai zage ganyen karan ba. Na tafi jaje da niyyar in yi masa dariya, na iske ya riga ni. Ya ce, "Malam, dut Zamfara wane magini aka so aikinsa har aka cinye?"

Shekarar da ta biyo ya fito da ainihin tsarinsa. A tsakiyar rumfa, daidai ƙarƙashin bakin nan na sama, ya dasa ɗan itacen dogon yaro, ya kewaye shi da zana, ya girke randa kusa da shi. Wanda ya sha ruwa ya zuba ragowar moɗa a gindin dashen. Mai alwala ma nan zai tsuguna. Rumfa ta tsaya tun daga kaka har ƙarshen bazara. Da hadari ya fara haɗowa sai ya tara jama'a a kwance ta, tun iska ba ta kifa ta a kan mutane ba. Kara na masu tuyar ƙosai ne, gora a ajiye ta baɗi, dashe ya sha daminarsa. Bayan kaka a sake wata da sabon fasali, bana kamar kwando, baɗi kamar malfa. In itacen ya isa yin inuwa da kansa, Mu'azu ya kwashe gorarsa ya koma wata mahaɗa.

Na ce masa ginin da ake rushewa duk shekara wasan yara ne.

Ya ce, "Malam, rumfar reno take yi. Itacen shi ne ginin."

Na ce ya kai wannan hikimar inda ake raba kwangila ya ga ko za a ba shi kujera.

Wata bazara ya iske ni a ɗakina ina fifita da jarida, kwanon rufi ya ɗauki zafi kamar tanda. Ya ɗaga kai ya dubi rufin. Washegari ya zo da magini, suka huda mini ƙananan tagogi can kusa da rufi, irin na ginin kakanninmu. Na yi ta mitar ƙura da sauro. Tun daga ranar ban ƙara kwana a tsakar gida ba.

Kuma duk zanen da zai yi sai ya kawo mini in duba. Na san ba ya bukata. Shi ma ya san na sani. Sai ya miƙo mini jan biro ya ce, "A yi mashi kaca-kaca, Malam." A garin da aka manta na taɓa riƙe fensir, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ganinmu na ƙarshe a Bungudu ne, ƙarƙashin rumfarsa ta bana, wadda ya yi da karan ƙauyen Kekun Waje. Ya rame ƙwarai, ciwon ya ci shi, amma bakin nan na nan. Dashen wurin bai wuce ƙuguna ba. Ya shafa ganyensa ya ce, "Malam, in ban kai damina ba, kai za ka kwance wagga. Mutanenmu in suna son mutum, siminti suke zuba mashi."

Na ce, "Don mi sai ni?"

Ya ce, "Kai kaɗai na sani wanda ba ya jin nauyin ɓata wa jama'a rai."

Muka yi dariya har ya sarƙe da tari.

Ashe ya san mutanensa. Yau muna dawowa daga maƙabarta, Ciyaman Isa, shugaban 'yan kabu-kabun Bungudu, ya ja ni gefe, idonsa jawur. Ya ce sun yanke shawara: za su dafe ƙasan rumfar da siminti, su rufa mata kwano, su rubuta sunan marigayi, ta zauna har abada.

Na ce, "Ciyaman, dashen fa? Ka toshe masa sama, ka toshe masa ƙasa, da sunan wa zai sha ruwa?"

Ya ce, "Haba Malam, itace ai ko'ina akwai."

Na ce, "Ko'inan ina? Da akwai, me ya kai ku ƙarƙashin kara?"

Ya ce, "Kai da ba ka taɓa son rumfar ba!"

Na ce, "Har yanzu ban ce ina so ba. Amana aka bar mini."

Can ya ce, "To sunan fa? A ina za mu sa?"

Na ce ya hau babur ɗinsa ya je hanyar Tsafe, ya tambayi kowane fasinja a ina yake jiran mota. Itacen can ya yi rassa, mai shayi da mai faci da wata 'yar kudu mai sayar da shinkafa duk suna ƙarƙashinsa. Babu allo, babu fenti. Kowa "Inuwar Mu'azu" yake cewa.

Ciyaman ya share ido da hularsa. Ya ce zai kawo tsani, amma da sharaɗi: ni zan fara yanke igiya, tunda ni ne mai taurin zuciya. Na karɓa.

Don haka ga sanarwa. Gabas ta fara yin duhu. Ranar Asabar da hantsi za mu kwance rumfar Bungudu. Gwiwata ba ta hawa sama, ina bukatar masu ƙarfi. A zo da wuƙa, kada a zo da siminti. Masu ƙosai su zo su kwashi kara. Masu awaki kuma, don Allah, a ɗaure su.

Allah Ya jiƙan Mu'azu, Ya yafe masa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Yadda ya nema wa bayinKa inuwa a nan, ya Allah Ka sa shi a inuwarKa ranar da babu wata sai ita.

Duk wanda ya karanta, ko sau ɗaya ka taɓa fakewa a rumfarsa ko ba ka taɓa ba, ka sa shi a addu'a. Amin.